Godiya ga masu gyaran da suka tayar da garmahon mahaifina

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa shagon gyaran kayan sautin da na kai garmahon marigayi mahaifina, musamman dattijon da ke zama a teburin ciki, wanda kowa ke kira Baba. Na gode masa baki da baki, amma zuciyata ba ta gamsu ba, gara kowa ya ji.

Garmahon ya shekara da shekaru a ajiye, tare da kwali biyu na faya-fayai. Da na fito da shi na kakkaɓe ƙura, sai na soka wayoyinsa biyu, ja da fara, a bayan amfilifayata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ramin da aka rubuta AUX. Faifai na juyawa, allura na kai, amma sautin kamar daga ƙasan rijiya, siriri, ko ganga ba ka ji. In na ƙure murya sai wani gurnani ya taso ya danne komai. Mako uku ina fama. Shagon farko da na kai shi ko kwalin ba su buɗe ba, yaron yana ta latsa waya ya ce kayan da ne, in sayi lasifika mai Bluetooth in huta. Na biyu suka riƙe kayan kwana shida, suka ce amfilifayar ta ƙone, ga sabuwa nan in ina so. Abin ya yi mini ciwo, don wannan garmaho da hannunsa mahaifina yake goge shi.

Baba kuwa, kafin ya sa shi a wuta sai da ya juya shi, ya gyara tabarau, ya karanta rubutun baya. "Ɗana," in ji shi, "tsohon kaya ba a soka shi sai an duba nan." Ya nuna mini ɗan makunnin da ke zaɓa tsakanin wutar 110 da 220, wanda ban taɓa lura da shi ba. Allah ya taimake ni yana daidai, da tuni ya yi hayaƙi. Ya ce wasu injinan ma bugun wutar suke bi: wanda aka ƙera don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa in ya sha mai bugu 50, gudunsa kan ragu da kashi ɗaya cikin shida, muryar mawaƙi ta yi nauyi.

Sannan ya zaunar da ni ya warware mini matsalar. Wutar da ke fitowa daga kan allura ba ta wuce milibolt uku zuwa biyar ba (milibolt dubu ke yin bolt ɗaya), alhali ramin AUX yana jiran ɗaruruwa. Kuma wajen yanka faifai da gangan ake rage sautin ƙasa a ƙara na sama, bisa ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka tsayar a 1954, don layukan su samu wuri a jikin faifan. Ramin da aka rubuta PHONO shi ke ƙara ƙarfin, ya kuma mayar da sautin yadda yake. Tawa amfilifayar ba ta da shi, shi ke nan. Lafiyarta ƙalau. Ya ɗauko wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, mai yin aikin PHONO, ya sa shi tsakanin garmaho da amfilifaya.

Gurnanin fa? Ya tura yatsa ƙarƙashin garmahon ya zaro wata siririyar waya mai baki kamar cokali mai yatsu, a naɗe tun zamanin mahaifina. Ya ɗaure ta a ƙusar da aka rubuta GND, wato wurin ɗaura wayar ƙasa, gurnanin ya ɗauke ɗif. Na yi shiru ina kallonsa. Ya raba wayar wuta da wayoyin sauti, ya auna nauyin allura ya tsayar a giram biyu, ya ce in riƙa rage murya kafin in kunna, amfilifaya kuma ta zama ta ƙarshe da zan kunna.

Da ya ga dama ai da ya ce mini komai ya lalace, kuma zan yarda. Kuɗin akwatin kawai ya karɓa. Abin da ke damuna shi ne yadda irinsa suka yi ƙaranci. Yanzu ka kai gyara, kafin a kwance ƙusa ɗaya an ce ka sayi sabo. Yara na zaune a shago ba wanda ya koya musu karanta bayan na'ura, kuma in ka yi tambaya sai a dube ka kamar ka zo ɓata lokaci. Kayan kirki nawa aka zubar a bola saboda waya ɗaya da ba a ɗaure ba?

Baba ya zana mini haɗin a bayan rasit, na manna shi a jikin garmahon. Daren nan na sa faifan da mahaifina ya fi so, mai juyi kimanin 33 a minti, mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta zauna har ya ƙare, ta ce in juya ɗaya gefen.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya yi wa sana'a albarka. Na gode.