Wasiƙar Ƙarshen Shekara Zuwa Ga Abokan Cinikinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararmu, muna gaishe ku da fatan alheri. Shekara ta zo ƙarshe, mun tattara ayyukan da muka yi, sai na ga ya dace in rubuto muku da hannuna, in yi godiya, in kuma sanar da ku abin da zai canza a shagon nan.

Kamar kullum, biki ne ya fi ɗauke mana lokaci, musamman a Rajab da Sha'aban, lokacin da kowa ke son ya kai amarya ɗakinta kafin azumi. Akwai Asabar ɗin da muka fara da ɗaurin aure a Ƙofar Marusa nan cikin birnin Katsina, muka wuce walimar saukar Alƙur'ani a Rafindadi, muka ƙare da kamu bayan isha'i. Suna, naɗin sarauta, yaye ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da hoton fasfo na maniyyata, duk sun zo a lokacinsu. Allah ya sa albarka a auren da aka ɗaura, ya raya jariran da aka raɗa wa suna.

Hawan sallah kuwa aiki ne na daban. Wanda bai taɓa tsayawa a filin Kangiwa da kyamara ba, zai ɗauka abin duba ka latsa ne. Rana tana tsakar ka, rawani yana rufe fuskar mahayi da inuwa, ƙura tana tashi da zarar an fara sukuwar jafi a gaban Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarki, ga bindigogin gargajiya suna firgita doki da mai hoto baki ɗaya. Dole ka durƙusa ƙasa, ka san hakimin da ke tafe bayan wane, ka kuma san inda dogarai za su bar ka ka tsaya. Amma ni a ganina, hotunan da suka fi kyau bana ba a filin aka ɗauke su ba. A barga aka ɗauke su da sassafe, ana ɗaura wa doki sirdi da jalala, uba yana naɗa wa ɗansa rawanin hawansa na farko, hannun yaron yana rawa a kan linzami. Hoton Mai Martaba Sarki Abdulmumini Kabir Usman a ƙarƙashin laima kowa na da shi a waya. Na ɗanku kuwa, in ba ku kira mai hoto gida ba, ya wuce ke nan. Masu hawa a sallah mai zuwa, ku kira mu tun asuba.

Mun kuma yi tafiye-tafiye. A watan Rabi'ul Awwal mun je Daura don Sallar Gani, muka biya rijiyar Kusugu inda baƙi ke layi su ɗebi ruwa su sha. Wata Lahadi mun wuni a karar Mai'aduwa muna ɗaukar raƙuma da bijimai ga wani dillali da ke tura wa masu sayensa na Kudu hotuna. Mun rako amarya har Maraɗi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, muka tarar da dangin da iyaka ta raba a takarda kawai. Da aka jera tsofaffin gidajen biyu za a ɗauke su, ba ka iya cewa ga na Najeriya ga na Nijar.

Akwai kuma inda ba mu je ba. An gayyace mu bukukuwa a ƙauyukan Batsari da Safana, muka ba da haƙuri saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki. Ina da yara matasa da iyayensu suka ba ni amanarsu, ba zan tura su inda raina bai kwanta ba. Wasu angwayen suka shigo gari da amarensu muka ɗauke su a shago, kuma ba mu karɓi ko kwabo a kan wannan ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bana shi ne tsofaffin hotuna. Tun da muka fara gyaran hoton da ya koɗe ko ya yage, dattawa suka riƙa buɗe akwati da adaka suna kawo mana. Mun ga na hawa tun zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981. Mun ga na ɗalibai a tsaye gaban ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. Mun ga hasumiyar Gobarau tun gidajen da ke kewaye da ita duk na ƙasa ne. Takarda ta yi ja, gara ta ci gefe, amma fuska na nan, jika yana nuna kakansa da yatsa. A gefe guda kuma, da wuya mako ya wuce wani bai shigo yana neman hotunan sunan da aka yi shekara uku da suka wuce ba, don an sace waya, ko ta faɗa ruwa, ko katin memori ya ƙi buɗewa. Wanda aka tura ta WhatsApp ma an riga an matse shi, in aka zo faɗaɗa shi a sa a firam sai ya dusashe. Don Allah ku riƙa wanke hotunanku. Ba sai albam mai tsada ba, ko guda goma ne ku zaɓa, na iyaye da kakanni su zo a gaba. A ajiye su nesa da danshin damina, a rubuta suna da shekara a baya da fensir. Daga yanzu duk aikin biki ko suna da muka karɓa, da wankakkun hotuna a cikin kuɗinsa.

Sai maganar amana. Hoton amarya da ƙawayenta, da na iyaye mata a wurin sa lalle, na mai gidan ne da iyalinsa. Ba ma sa shi a Facebook ko Instagram don talla sai da izinin amarya da na ango, kuma duk yaron shagon nan ya san tura hoton abokin ciniki zuwa wayarsa laifin kora ne. Hajiyoyinmu da suka daɗe suna neman mace mai ɗauka, an samu. Ƙanwata ta gama koyo, ita za ta riƙa shiga cikin gida a kamu da buɗar kai, maza su tsaya a zaure.

Farashi zai ɗan motsa daga farkon shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na janareta suka ninka, takarda da tawada kuma daga waje ake shigo da su, sai mun je Kano mu saro. Mun sa sola don rage shan mai, shi ya sa hoton fasfo zai tsaya a yadda yake. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami, a tsohon farashi za a yi masa aiki.

Masu biki kafin azumi, ku zo da wuri a rubuta ranarku, don Asabar da Lahadi suna saurin cika. Akwai kuma firam da albam da aka gama tun watannin baya suna jiran masu su, a zo a karɓa. Muna buɗewa kullum daga ƙarfe 9 na safe zuwa magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.

Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai shagon hoto da yaransa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina