Edita, ku ba mutanen Orestis haƙƙinsu

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari. Ni mai bibiyar shafin tarihi na jaridar nan ne, kuma gaskiya abu ɗaya na damuna, duk sanda aka zo kan Iskandar Mai Girma sai a yi ta yabonsa kamar shi kaɗai ya ci Farisa, ba a ko ambaton waɗanda suka riƙe masa rundunar.

Akwai wani yanki mai tsaunuka da ake kira Orestis a Makidoniya ta sama, wajen garin Kastoria na ƙasar Girka ta yau. Da sarakunansu suke a da, sai a zamanin Filibus na biyu, baban Iskandar, aka haɗe su da masarautarsa. To wallahi wannan ɗan yankin shi ya ba Iskandar manyan hafsoshinsa guda biyu, Kraterus da Perdikas.

Kraterus ne ya riƙe sojan ƙasa na ɓangaren hagu a yaƙin da aka yi da Farisa a Issus a 333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), haka a Gaugamela a 331, kuma sojoji na matuƙar ƙaunarsa, shi aka damƙa wa tsofaffin sojoji wajen 10,000 ya mayar da su gida a 324. Ƙaninsa ko yayansa Amfoterus kuwa jiragen ruwan yaƙi ya jagoranta.

Amma Perdikas ne ya fi tsaya min a rai. Mutumin da ya fara da jagorantar 'yan yankinsu sojojin ƙasa masu dogon mashi, shi Iskandar ya miƙa wa zoben hatiminsa yana gargarar mutuwa a Babila a 323, daula tun daga Girka har bakin Indiya ta dawo hannun ɗan tsauni, amma bai daɗe ba ya tafi yaƙar Batlamiyus, wani hafsan Iskandar da ke riƙe da Masar, wajen tsallaka kogin Nilu ruwa ya tafi da sojojinsa wasu kada ta cinye, sai hafsoshinsa suka shiga tantinsa suka kashe shi. Shi ma Kraterus a wannan rikicin ya mutu, yana yaƙi da Yumenes wanda ke ɓangaren Perdikas. 'Yan ƙasa ɗaya fa, abin tausayi.

Af, har Pausaniyas da ya soke Filibus har lahira a 336 ɗan Orestis ne.

Dan Allah ku ware musu shafi guda, ku sa taswira mu ga inda wurin yake.

Naku, mai karatu daga Zariya