Amsa Ga Alhajin Da Ya Ce Binciken Tattalin Wuta Ɓarnar Kuɗi Ne

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A shirin rediyon da aka yi da kai makon jiya, ka kama sunana ka tambaye ni a bainar jama'a: wace wuta ce muke neman a yi tattalinta alhali babu ita, kuma ban da karɓar kuɗin Turawa da tara takardu, me mu masu bincike muka tsinana wa talaka? Ka girme ni, kuma ina ganin girmanka, amma zargin cin kuɗi ya fi ƙarfin in kawar da kai, domin ɗalibaina da iyayensu sun ji abin da ka faɗa.

Gaskiya ne cewa ƙarfin tashoshin Najeriya ya kai kimanin megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. To, ai mai ɗan ruwa kaɗan a randa shi ya fi kowa bukatar toshe yoyo. Daga cikin wutar da kamfanonin rarrabawa ke karɓa, fiye da kashi 30 cikin 100 ba ta dawo da kuɗinta: wata ta zama zafi a siraran wayoyi da taransifomar da aka ɗora wa lodin da ya fi ƙarfinta, wata an sace ta bayan mita, wata an sha ba a biya ba. Idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, asarar da zafi ke ci ninkawa take yi sau huɗu, shi ya sa muke bin layi unguwa-unguwa muna aunawa don a san inda ya kamata a sauya waya ko a raba lodi. Wannan aiki ne kake kira tara takardu.

Batun kuɗin Turawa kuwa ba a ɓoye yake ba. Kundin ƙa'idojin tattalin makamashi a gine-gine, wanda Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017, an shirya shi ne da tallafin hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai. Abin da ke cikinsa na amfaninmu ne: kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon rufi, a taƙaita wutar da fitilu ke ja, a zaɓi na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarancin cin wuta. Maginanmu na dā sun riga kundin sanin wannan. Duk wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da kaurin bangon tubali da rufin azara da ƙananan tagogi ke yi wa zafi. Aikinmu shi ne mu auna wannan hikima, mu mayar da ita lissafin da mai gini da bulo zai iya bi. Takardun kuɗin sashenmu kuma a buɗe suke ga duk mai son dubawa, har da kai.

Ka kuma ce kwan fitilar zamani ba ya ƙarko. Jabu ne ba ya ƙarko. Mai kyau na wat 9 yana ba da hasken tsohon kwan mai wat 60.

Kowa ya san sana'arka shigo da janareto ce, kuma sana'a ce ta halal. Sai dai adalci ne ka faɗa wa masu sauraro haka kafin ka yanke hukunci a kan aikin da, in ya yi nasara, zai rage maka ciniki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda tambayarka ta tsallake. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, asibitoci da makarantu ke kuka, amma har gobe ana ba da kwangilar ofisoshin gwamnati masu bangon gilashi suna fuskantar yamma, a garuruwan da zafinsu ke haura maki 40, sannan a cika su da na'urorin sanyi da kuɗin talaka. Kundin nan ba ya aiki sai jiha ta sa shi cikin sharuɗɗan ba da izinin gini. Kana da fada a wurin masu mulki fiye da ni, Alhaji. Idan ka koma rediyo, ka tambayi hukumar tsara birane ta jiharmu gini nawa ta duba rufinsa da tagoginsa kafin ta sa hannu.

Wassalam,
Ɗanka, injiniya mai binciken makamashi, Kano.