A leƙa wasiƙun Perchta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar shafinku na tarihi, kuma yau roƙo ne ya kawo ni. Duk sa'ad da aka taɓo Bohemiya, wato wani babban yanki na ƙasar Cek ta yau, zancen ba ya wuce yaƙe-yaƙen mabiya Jan Hus, malamin Kirista da ya soki cocin Katolika, da manyan da suka ja daga. Ina so wata rana ku shiga da mu cikin gidajen waɗannan manyan.

Ga Oldrich na biyu na gidan Rozmberk, mai fadar Cesky Krumlov, jigon masu ƙasa da suka tsaya wa cocin Katolika. A 1448 abokin gabarsa Jiri na Podebrady ya ƙwace birnin Prag. Shekara na zagayowa, a 1449, Oldrich ya aurar da 'yarsa Perchta, mai kimanin shekara 20, ga Jan na Lichtenstein mai garin Mikulov. Auren ƙulla ƙawance ne tsakanin manyan gidaje, ba na soyayya ba. A al'adarsu gidan amarya ne ke kai wa ango dukiya, shi kuwa Oldrich bashi ya yi masa katutu, bai cika alkawari a kan lokaci ba. Kan yarinyar abin ya ƙare.

Wasiƙun da ta riƙa aika wa mahaifinta da 'yan'uwanta maza suna nan har yau. A ciki tana kukan wulaƙancin miji da danginsa, da rashin abin hannu har sai ta ci bashi, tana roƙon a zo a ɗauke ta. Mahaifiyarta ta rasu tun 1436, ba ta da uwar da za ta kai wa kuka. Uban da ke da ƙarfin tara runduna da aika jakadu ya bar 'yarsa tana rubutu shekara da shekaru. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma uban 'ya'ya mata ne, kuma ban ga hidimar ƙasar da za ta wanke shi daga wannan ba.

Mijin ya mutu a 1473, ita kuma ta bi shi a 1476 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Yau mutanen Cek sun fi saninta da Farar Mace, fatalwar da ake cewa tana yawo a fadojin gidansu. Don Allah ku ba wasiƙunta shafi guda, mu ji ta bakinta.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya