Minti 15 Na Sassake Hannu Kafin A Shiga Ɗakin Tiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu ja hankalin masu horar da likitocin fiɗa, musamman a nan Zariya inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yake yaye ƙwararru. Kiranmu shi ne kada likita mai neman ƙwarewa ya fara tiyatar kyamara ta farko da safe sai ya sassake hannunsa na minti 15 a na'urar kwaikwayon tiyata ta kwamfuta.

A tiyatar kyamara ba a tsaga ciki. Ana hura shi da iskar gas, a huda ƙananan kafofi na milimita 5 zuwa 10, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Likita allo yake kallo, allo kuwa ba ya nuna zurfi. Fatar ciki kuma tana riƙe ƙarfen a tsakiya, idan hannu ya yi dama, bakin almakashi sai ya yi hagu, kamar mai yi wa kansa aski a madubi. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta daidaita da wannan, kuma bai dace a ce a cikin majiyyaci take daidaitawa ba.

A 2002, wani bincike a Jami'ar Yale ta Amurka ya nuna cewa likitocin da suka yi horo a na'urar sun fi takwarorinsu saurin raba matsarmama da hanta da kashi 29 cikin ɗari, kurakuransu kuma sun fi kaɗan nesa ba kusa ba. A 2010 mujallar Annals of Surgery ta buga wani a kan sassake hannu kansa: likitoci sun yi minti 15 a na'ura kafin cire matsarmama, masu duba bidiyon aikin, ba tare da sanin wanda ya yi atisaye ba, suka ba su maki mafi yawa. Likitocin ba su da yawa, amma abin da aka gani ya isa a gwada.

Ga yadda za a raba minti 15 ɗin a na'ura: minti biyar na farko a ɗauki abu da hantsakin hagu a miƙa wa na dama, domin hannun da ba a saba da shi ba shi ne ke barin nama ya suɓuce. Biyar na biyu a sa maƙallai masu toshe jijiya a wuri biyu a yanke tsakaninsu. A nan ake koyon kada a matse sai an ga bakin maƙallin ta ɗaya gefen, in ba haka ba ana iya haɗawa da babban bututun da ke kai ɗaci hanji, wanda gyaransa babbar tiyata ce. Sauran a yi fiɗar nama da ƙugiyar lantarki, ƙafa ba ta taka fedar da ke sakin wuta sai bakin ƙugiyar yana cikin allo.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. A ajiye na'ura a wani ɗaki mai nisa, makulli na hannun mutum ɗaya, to ba mai zuwa. Wurinta gefen ɗakin tiyata, da inbata, saboda ɗaukewar wuta tana katse atisaye tana lalata kwamfuta. Wasu na'urorin ba sa mayar wa hannu da taurin nama, sai ɗalibi ya saba da fizga. Malami ya riƙa duba makin ɓarnar nama da tsawon tafiyar hannu, kada ya tsaya ga sauri kaɗai.

Na'urori irin su LapSim da LAP Mentor da dala ake sayensu. Kafin a samu, kafinta zai iya haɗa akwati mai kafofi uku, a sa kyamarar waya da fitila da tsofaffin hantsaki, a riƙa tsintar wake ana yanke da'ira a bandeji. Muna roƙon shugabannin sassan fiɗa su sa minti 15 ɗin nan cikin jadawalin safe, a kuma rubuta shi a littafin horon kowane likita tare da sa hannun malaminsa.

Wassalam,
Wasu likitocin fiɗa,
Zariya.