Zuwa ga Sanusi, a kan mutum takwas ɗin nan da kuka kama

Damagaram, unguwar Birni

Sanusi ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan ka fara sabawa da Magarya da hayaniyar bakin iyaka. Mu nan lafiya lau, in ban da famfo da ya yi kwana huɗu bai ɗiga ba, muna ta ciniki da 'yan ga-ruwa kamar kullum.

Hirar da muka yi ta waya daren Juma'a ce ta hana ni sakat. Ka ce kun kama masu laifi takwas a yini ɗaya, har da ɗan alfahari a muryarka. Da na tambaye ka abin da suka yi, sai ga shi shida 'yan kabu-kabu ne marasa takarda, ɗaya ya yi wa motarsa lodin da ya wuce kima, ɗaya kuma ya zare wa wata mata waya a tasha. Ban tanka ba a lokacin, don na ji muryar abokan aikinka kusa da kai. Amma a lissafina mutum ɗaya kuka kama. Sauran bakwai tare su kuka yi.

Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, wanda na tsufa ina fassara shi a kotu, bai zuba kowa a kwando ɗaya ba. Hawa uku ya yi: saɓa ƙa'ida, da matsakaicin laifi, da babban laifi. A hawan farko ba a cika tonon zuciya ba. Ba ka da takardar babur, ko mantuwa ka yi ko ganganci, tara ce, ka biya ka tafi. Daga nan zuwa sama kuwa, yawanci sai an nemi niyya. Sata ma da kowa yake ganin ya san ta, doka ba ta ce ɗaukar abin wani kawai ba, ta ce ɗauka da nufin cuta. Wannan 'yar kalma ta ƙarshe ita ce katangar da ke tsakanin gidan mutum da gidan kaso.

Ni a kan jaki na koyi wannan, kuma da kunya na koye shi. Shekarata ta biyu ina tafinta aka kawo wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Mirya, maƙwabcinsa ya yi ƙararsa ya sace masa jaki. Har yau ina ganinsa tsaye, riga duk ƙura, hula a hannu yana murza ta. Alƙali ya tambaye shi, ya ce: "Gaskiya ne, na ɗauke shi." Ni kuwa don in nuna na iya Faransanci, na juya maganar da kalmar da ke nufin "na sata". Allah ya sa alƙalin mai natsuwa ne. Ya ce a tambayi mai ƙara ina aka sami jakin. Ya ce a turkensa, da safe. Wa ya maido shi? Shi dattijon, har da damin harawa a gabansa. Ashe cikin dare naƙuda ta tsananta wa matar ɗansa, ya buga ƙofar maƙwabcin ba a amsa ba, ya kwance jakin ya kai ta likita. Tsakaninsu kuma da tsohuwar gaba a kan iyakar gona. Alƙali ya sallame shi, ya kuma dube ni ta saman tabarau ya ce in riƙa faɗin abin da aka faɗa. Amma kafin ranar dattijon ya riga ya yi kwana 11 a tsare, kuma na ji daga baya yaran ƙauyen "ɓarawon jaki" suke ce masa har ya bar duniya. Takarda ta wanke shi, baki bai wanke shi ba. Shi ya sa nake jin tsoron kalmar "mai laifi" a bakin mai kaki.

Za ka ce ai niyya a zuci take, wa ya shiga ya gani? Gaskiya ne, amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma niyya tana barin sawu. Ka duba abin da mutum ya yi kafin abin, da abin da ya yi bayansa. Ya shirya? Ya jira duhu? Ya ɓoye, ya sauya wa abin kama, ya nemi mai saye? Ka je kasuwar Dole ka dubi tiyar masu awo. Wata tsufa ne ya lotsa ta, mai ita ma bai lura ba. Wata kuwa an kifa ta an bubbuga gindinta da guduma, an kuma ajiye lafiyayya a ƙarƙashin buhu don ranar da masu duba awo za su zo. Duka biyun awonsu ya gaza, amma lafiyayyar tiyar nan da ke ɓoye ta gama ba da shaida.

Wannan ba hikimar Nasara ba ce, mun riga su sani. Tun kana makarantar allo ka haddace cewa ayyuka da niyya suke. A Suratun Nisa'i, aya ta 92 da ta 93 suna jere: wanda ya kashe mumini bisa kuskure, diyya ce da kaffara, wanda ya kashe da gangan, azabar da aka yi masa alkawari ba ta misaltuwa. Rai ɗaya ne ya salwanta a duka biyun, hukunci ya rabu saboda abin da ke zuci. Sai dai malamanmu sun ƙara wani abu da mutane ke son mantawa: a dukiyar mutane, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen ramuwa. Shanunka suka shiga gonar wani, ko barci ne ya sace ka, za ka biya ɓarna. Abin da niyya take sauyawa shi ne horo da sunan da za a kira ka.

Don haka kada ka ɗauka ina cewa duk wanda ya ce "ban yi niyya ba" a buɗe masa hanya. Wannan magana ba laya ba ce. Direban da ya san birkinsa ya mutu tun jiya, ya loda mutane zuwa Matamai yana cewa Allah zai kiyaye, bai nufi kashe kowa ba, amma ya ga ramin ya rufe ido. Sunan wannan sakaci, doka kuma tana ɗaure mutum a kansa idan rai ya tafi. Mai lodin nan naku ma, ka duba shi da kyau, yana iya zama ya fi kusa da nan.

Akwai kuma wanda ba za ka taɓa samunsa ba takarda ba. Komai nasa da hatimi, ga carbi, ga gaisuwa har ƙasa, alhali ya tattara kuɗin adashen zawarawa ya riga ya yanki tikitin mota. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Irinsa ba a shinge ake kama shi ba.

Saura wadda ta fi yi mini nauyi. Yaron da ka tare ba takarda, ƙa'ida ya saɓa. Ka rubuta masa tara, ka ba shi rasit, ka bar masa mutuncinsa, kada ka zage shi a gaban fasinja. Amma ranar da ka riƙe makullin babur ɗinsa har rana ta take, kana jira ya gaji ya dunƙule maka jika biyu ba rasit, to ka tsaya ka tambayi kanka, tsakanin ku biyun wa ya fito daga gida da niyya. Ban ce ka yi ba. Na dai san shinge, na san albashi ba ya kai ƙarshen wata, na kuma san akwai waɗanda za su ce maka haka ake yi.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kilishin da ta aika ka ɗiba wa maigidan da ya ba ka ɗaki. Ƙanwarka Hadiza ta fara jarrabawa ranar Litinin, ka sa ta a addu'a. In ka samu dama ka sanar da ni yadda aka ƙare da matar nan, ko wayarta ta koma hannunta. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka hannunka.

Mahaifinka