Tahiyar ƙasa na ci da ƙauyukan Nefal, mu ina labarin Abzin?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan hili in yi magana kan abun da mu nan Maradi muke ma dariya, wato mutum ya biya kuɗinshi don ya yi tahiyar ƙasa cikin duwatsu kwana da kwanaki. Ka kawo zancen a fada, kahin shayi na biyu ya hito wani ya ce haukan nasara ne, kana da kuɗin mota ka zaɓi wahala. To haukan nan dai akwai ƙasar da ke ci da shi, kuma mu ma Allah bai hana mu duwatsu ba.

Nefal nike nuhi, tsakanin Indiya da Sin, ba ta da teku kamar Nijar, kuma ita ma ba mai kuɗi ba ce. Cikin duwatsu 14 na duniya da suka wuce mita 8,000, takwas na can, har da Ebarest mai mita 8,849 wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara taka kanshi ran 29 ga Mayu 1953. Amma yawancin baƙi ba ƙololuwa suke zuwa ba, wannan sai masu miliyoyi da taurin rai. Da yawa gindin Ebarest suke nufa, zangon da mahaya ke kafa tantinsu, mita 5,364. Ƙaramin jirgi ke aje ka Lukla, titin saukar mita 527 ne kacal, gaba dutse baya rami, daga nan kuma ba mota ba kabu-kabu sai sawunka, kamar kwana 12 zuwa da dawowa.

Ba nisa ne ke cin kwanakin ba, iska ce. Can sama abun da mutum ke samu a shaƙa guda kusan rabin na bakin teku ne, in ka yi gaggawa ciwon kai ya kama ka, amai, jiri, barci ya gagara, wani ruwa ya taru mishi a huhu ko ƙwaƙwalwa ya mutu. Shi ya sa in an kai Namce, mita 3,440, sai a ƙara kwana, a sake haka a Dingboce, kuma wanda jikinshi ya ƙi maganinshi ya sauko, ba a jarumta da dutse.

To ga inda ni abun ya burge ni Malam Edita. Kan hanyar nan ba wani babban otal na gwamnati da ake jira. Gidajen mutane ne, a kowane ƙauye mai gida ya ware ɗakuna na katako da gado biyu biyu, a tsakiyar zaure murhu guda da ake hura ma kashin yak, irin shanunsu masu gashi, kowa ya zagaye shi da dare yana shanya safa. Kuɗin ɗaki kaɗan ne, amma sharaɗin nan za ka ci abinci, shinkafa da romon wani ɗan wake da ganye, in ka cinye a ƙara maka ba ƙarin kuɗi. Ruwan zahi na wanka da kuɗinshi, cajin waya da kuɗinshi, kuma kullum ka ƙara hawa farashi ya ƙara hawa don komai a bayan mutum ko dabba ya zo. Ɗan dakonsu kwando yake goyawa, igiyar ta zagayo goshinshi, ya duƙa yana hawa da sanda, wanda ya san 'yan dakon babbar kasuwarmu ranar sauke buhunan gyaɗa ya san irin gumin, sai dai su a kan tudu ne cikin sanyi. Kuɗin baƙo haka yake zuba kaɗan kaɗan a hannun mai shayi, mai dako, jagora, mai alfadari, ba ya tsayawa babban birni duka.

Ban ce ba hatsari ba. A Oktoba 2014 guguwar ƙanƙara ta rutsa da matahiya a hanyar Anafurna, wajen mashigin Torong La mai mita 5,416, sama da mutum 40 suka rasu, ciki har da 'yan ƙasar da ke neman abincinsu. A Afrilu 2015 girgizar ƙasa ta binne ƙauyen Langtang. Duk da haka suka gyara hanya baƙi suka dawo, kuma daga Afrilu 2023 hukumarsu ta ce a yawancin hanyoyin baƙo sai da jagora mai lasisi.

Yanzu mu dawo gida. Dutsen da ya hi kowane tsawo a Nijar yana Bagzan cikin Abzin, mita 2,022, tsawon da ciwon nan na iska bai cika kama mutum ba. Ga Timiya da ruwanta mai zubowa daga dutse da garake na lemu da rumman, raƙumi na jawo guga yana ban ruwa, ga kangon Asode tsohon birni, ga Iferwan, ga raƙuman dawa da mutanen dauri suka sassaƙa a dutsen Dabus. UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya tun 1991, tsohon garin Agadas kuma 2013. Jagora kuwa wa zai koya ma mutanen da kakanninsu ke kai ayarin gishiri Bilma? Da can jiragen baƙi daga Faransa kai tsaye suke sauka Agadas lokacin ɗari, tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka kashe kasuwar, masu jagora da maƙeran azurfa suka rasa abun yi.

Na san maganar tsaro ce gaba da komai, ba ni cewa kowa ya ɗauki jaka ya hita ba izinin hukuma. Abun da ke damuna shi ne ko an samu lahiyar hanya tunaninmu duka nasara zai dawo, alhali ɗan Maradi ya san Kano ya san Dubai, yana shan lemun Timiya, amma bai san ta ina ake hawa Bagzan ba. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu karatun ƙasa da duwatsu ai su ya kamata su fara, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, rukuni rukuni, su kwana ƙauyuka su biya masu gida, jaki ya ɗauki kaya da ruwa.

Roƙona gare ka, ka sa wakilinku na Agadas ya zauna da tsohin jagorori ya tambayo mana hanyoyin da ke biyuwa yanzu, kwana nawa kowace ke ci, ina rijiya ina wurin kwana, jika nawa ake ba mai jaki a wuni, da irin takardar da hukuma ke nema, ku buga shi da Hausa. Na gode.

Naka mai karatu kullum,
daga unguwar Bagalam, Maradi